Sarewa Da Fiyano: Tarihin Wani Gwaji Da Aka Fara A Gidan Ɗan Hausa

A kan Titin Sakkwato da ke unguwar Nassarawa a Kano akwai wani tsohon gidan ƙasa mai zanen gargajiya a jikin bangonsa, wanda kowa ya sani da sunan Gidan Ɗan Hausa. A nan ne Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa saboda yadda harshen ya zauna a bakinsa, kuma shi ne ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa, a nan Nassarawa, cikin 1909. Yawancinmu iyakar abin da muka sani game da gidan ke nan, domin shi ake koyarwa a aji, shi kuma ake tambaya a jarrabawa. To amma gidan yana da wani tarihin na biyu da ba a cika ambata ba. A harabarsa ne, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take da mazauni, wasu matasan makaɗa suka fara gwada haɗa sarewar Fulani da fiyanon Japan a ƙarshen shekarun 1980, kuma daga wannan gwaji nasu ne, bayan sun haɗa kai da masu shirya fim, aka sami kiɗan da ya cika kunnuwan ƙasar Hausa har tsawon shekaru fiye da 20.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar marubuta da zancen kiɗa? Amsar ita ce, waɗanda suka fara ɗaukar na'urar bidiyo a Kano da yawansu namu ne. Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, duk da alƙalami suka fara kafin su koma bayan kyamara. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ma an mayar da shi fim. Saboda haka ranar da aka zauna tsakanin mai labari da mai kiɗa don a yanke shawarar abin da mai kallo zai ji, marubuci ne a gefe guda na tabarmar. Yadda aka tashi daga wannan zama, da wanda ya ci riba da wanda ya yi asara, shi ne abin da muke son mu bi diddiginsa.

Abin da kunne ya saba ji

Kafin zuwan kaset, hoto mai motsi ya fara iso wa talakan Kano ne ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da kan zo dandali ko ƙofar fada da daddare, a kafa farin ƙyalle a nuna fim ɗin tsabta ko na noman auduga irin su Baban Larai, wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana yi wa jama'a bayani. A majigi muryar mai bayani ita ce komai. Sai kuma gidajen sinima, tun daga Rex da aka buɗe a 1937, da Palace da ta biyo baya a cikin birni a farkon shekarun 1950, har zuwa su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. Kwarori ne ke riƙe da harkar shigo da finafinai, kuma ba su daɗe ba suka gane cewa fim ɗin Indiya ya fi na kaboyi cika musu kujeru. Da talabijin ya zo, sai abin ya shiga har ɗakunan matan aure waɗanda ba sa zuwa sinima. Tashar NTA da ke Titin Bompai ta fara aiki a 1976, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a farkon shekarun 1980. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin tarihin wannan harka, ya ƙirga finafinan Indiya fiye da 1,000 da NTA Kano kaɗai ta nuna daga 1977 zuwa 2003.

Ke nan yaron da aka haifa a Kano cikin shekarun 1960 ko 1970 ya tashi ne da wata fahimta guda game da kiɗan fim: a tsayar da labari, saurayi da budurwa su fita lambu ko kan dutse su rera waƙa, a gama a dawo kan labari. Tun kafin a yi fim ɗin Hausa na bidiyo ko ɗaya, wannan karin ya riga ya shiga bakin mawaƙanmu. Abdu Yaron Goge a Jos da Ali Makaho sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun sa musu kalmomin Hausa. Masu bandiri a Kano su ma sun ɗauka, suka mayar da shi yabon Annabi (SAW), abin da masanin nan Brian Larkin ya yi rubutu a kansa.

A ɗaya gefen kuma ga kiɗanmu na gado, wanda yake da tsari mai ƙarfi amma ba don fim aka gina shi ba. Makaɗin Hausa yana da ubangida. Narambaɗa da Ɗanƙwairo na fada ne, Ɗan Anace na 'yan dambe da manoma, Shata kuwa na duk wanda ya isa a yi masa. Waƙar tana da wanda aka yi wa, kuma kalma ce ke gaba, kiɗa na biye. Idan ka ɗauko irin wannan makaɗi ka ce ya yi shiru da bakinsa, ya kaɗa wani abu na daƙiƙa 40 wanda zai nuna cewa yarinyar nan da ke zaune a bakin rijiya tana cikin zullumi, ka nemi abin da bai taɓa yi ba, kuma ba lalle ya ga mutuncin yinsa ba. Wasannin kwaikwayo na talabijin sukan buɗe da kiɗan gargajiya su rufe da shi, amma tsakanin buɗewa da rufewa magana ce zalla.

Sai dai a nan akwai wani abu da muke ganin an yi sakaci da shi, kuma za mu ɗan tsaya a kansa. Bahaushe yana da abin da ake kira take. Kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba da 'yan bori, tambari da kakaki na sarki, shantu na 'yan mata, ƙwarya ta matan gida. Bayan haka kowane ɗan dambe, kowane basarake, kai har kowane iska a wajen masu bori, yana da takensa, wanda da an kaɗa shi, ba tare da an buɗe baki ba, jama'a sun san da wa ake. Mutum na cikin ɗaki zai ji kalangu daga nesa ya ce wane ya shigo fili. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da manyan makaɗan fim na duniya suke wahalar ƙirƙirowa, wato a ba kowane ɗan wasa ɗan gajeren kiɗansa da zai riƙa binsa, ya yi sanyi idan yana cikin baƙin ciki, ya yi zafi idan ya fusata. Mu mun gaji wannan dabara tun kaka da kakanni. Jarin yana nan a ajiye lokacin da fim ya zo.

Masana'antu sun yi sanyi, kaset ya yi zafi

Ba za a fahimci dalilin da ya sa matasa suka yi wa harkar fim rubdugu ba sai an dubi halin da Kano ta shiga. A shekarun 1970 unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suna ɗaukar dubban ma'aikata a masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alewa da na man gyaɗa. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙara taɓarɓarewa, masana'antu suka shiga rage ma'aikata, wasu suka rufe. Yaron da ya gama sakandare yana sa ran aiki a Bompai sai ya tarar da ƙofa a garƙame. Wannan faɗuwar naira ita ce kuma ta sa yin fim irin na sinima ya gagari kowa sai gwamnati ko mai ƙafa a ƙasashen waje. A daidai lokacin ne na'urar bidiyo ta yawaita a gidaje, kyamarar ɗaukar biki da suna ta zo hannun matasa, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni kuma suna nan cike da masu sha'awa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, aka kuma sayar da shi a kaset. Gimbiya Fatima ya biyo baya, kasuwa ta buɗe.

Gwajin Gidan Ɗan Hausa

Hukumar Tarihi da Al'adu tana da ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa da aka fi sani da 'yan Koroso, sunan da ya samo asali daga kacau-kacau ɗin da masu rawar ke ɗaurawa a ƙafa. Kayan kiɗansu sun haɗa da sarewa da lalajo da duman girke. Su ne jihar kan tura bukukuwan al'adu na ƙasa. A cikin wannan ƙungiya aka sami wani matashi, Nasiru Ishaq Gwale, wanda ya iya sarrafa ƙaramar fiyano ta kamfanin Casio, ya kuma shiga gwada ta tare da masu sarewa da masu ganga. Da masu shirya wasanni a talabijin da masu fim ɗin bidiyo na farko suka tashi neman kiɗa, nan suka dosa, domin nan ne kaɗai za ka sami makaɗan da albashi ke riƙe da su, ba ubangida ba, waɗanda kuma suka saba a ce musu ga abin da ake so su kaɗa, ga inda za su tsaya. Kiɗan 'yan Koroso na cikin abin da aka ji a finafinan farko, har da In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, wanda ya fito a 1994.

Kada mai karatu ya ɗauka haɗa waɗannan kaya abu ne mai sauƙi. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan matakan sauti 5 yake tafiya, kuma kowane mai sarewa da yadda ya huda karansa, ta yadda sarewa biyu ba lalle su yi daidai da juna ba. Ita kuwa fiyano an raba mata sauti gida 12 daidai wa daida tun daga masana'anta, ba ta sassauci. Idan mai sarewa ya busa, sai mai fiyano ya yi ta lalube har ya sami maɓallin da ya fi kusa, sau da yawa kuma kusa ɗin ce kawai, ba daidai ba. Kalangu ya fi wannan wuya. Makaɗi na matsa tsirkiyarsa a hammata yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka kamar yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka a magana, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Gangar da ke cikin fiyano kuwa sauti guda gare ta, ka buga sau dubu ba za ta sauya ba. Duk wanda ya saurari kiɗan finafinan farkon nan da kunnen basira zai ji wannan ja-in-ja, kaya biyu suna neman hanyar zama da juna. A ganinmu wannan ɗan lokaci, daga 1990 zuwa wajen 1996, shi ne lokacin da kiɗan fim ɗin Hausa ya fi kowane lokaci buɗaɗɗiyar ƙofa. Babu wanda ya san yadda abin ya kamata ya kasance, saboda haka kowa na gwadawa. Sautin ba shi da tsabta, kaset na shuu, amma akwai numfashin mutum a cikin sarewar.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zama ba gardamar fasaha ba ce, lissafin kuɗi ne. Mai fim da ya tara jarinsa da ƙyar daga 'yan'uwa da abokai, in zai kira makaɗa biyar ko shida, sai ya biya kowa, ya ɗauko su, ya ciyar da su, in ɗaya ya yi kuskure a sake daga farko. Mai fiyano kuwa mutum ɗaya ne.

Iyan-Tama da zuwan Yamaha

A tsakiyar shekarun 1990 Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda shi kansa ɗan wasa ne kuma mai shirya fim, ya buɗe ɗakin haɗa kiɗa a kamfaninsa, ya sayi fiyanon Yamaha samfurin PSR-220, daga baya ya ƙaro PSR-730, Nasiru Gwale kuma ya zama makaɗin ɗakin. Wannan haɗuwa ta mai fim da makaɗi a ƙarƙashin rufi ɗaya ita ce ta sauya komai. Na'urar tana da maɓallai 61, amma a cikinta an adana muryoyin kayan kiɗa ɗaruruwa, kuma babbar tana da wurin sa faifan kwamfuta, ta yadda makaɗi zai kaɗa ganga ya ajiye, ya dawo ya ɗora sarewa a kai, ya sake dawowa ya ɗora goge, shi kaɗai a ɗaki. Injiniyoyin Japan ba su san kalangu ko bandiri ba. Makaɗan Kano ne suka zauna suna bin muryoyin ɗaya bayan ɗaya, suna cewa wannan ta yi kama da sarewa, wannan in an sassauta ta za ta yi kama da duman girke, wannan kuwa bandiri ce sak. Wato sun sa na'urar ta yi Hausa gwargwadon iyawarta. Wannan ma gwaji ne, kuma ba ƙaramin kunne ya yi shi ba. A wannan ɗaki matasa irin su Alee Baba Yakasai suka goge, daga nan kuma sana'ar ta bazu zuwa wasu ɗakunan.

Badaƙala na Ɗan'azumi Baba, wanda ya fito a 1997, yana cikin finafinan farko da suka shigo da waƙa da rawa da irin wannan kiɗa. A lura, marubuci ne ya yi shi. Amma fim ɗin da ya tsaga tarihin gida biyu shi ne Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni a 1999, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Labarin ba baƙo ba ne, 'yar talaka ce a gidan sarauta da ɗan sarki da ya ƙyalla ido a kanta. Waƙar ce ta yi aikin. Tun kafin fim ɗin ya fito, tallarsa da aka liƙa a jikin wasu kasusuwan ta sa waƙar ta shiga gari. Masu shayi da 'yan acaɓa da direbobin tasha duk ita suke sawa, 'yan mata na yin ta a gidan biki. Mu da ke koyarwa a lokacin mun sha shiga aji mu tarar ana kaɗa ta a kan tebur da bayan biro. Kiɗan fiyano ne tsantsa, amma kunnen Bahaushe ya ji sarewa da ganga a ciki, ya karɓa.

Daga Sangaya sai tsarin aiki ya juye. A da marubuci ke kawo labari, a ɗauka, sannan a nemi kiɗan da zai dace. Yanzu sai aka koma fara zuwa ɗakin kiɗa. A yi waƙa uku ko huɗu, a ɗauki rawarsu, a yanka talla, a kai wa 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata. In sun ji waƙar za ta sayu, su sa kuɗi, sannan a nemo wanda zai ƙulla labarin da zai haɗa waƙoƙin. Muryoyin Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sani Yusuf Ayagi da Sadi Sidi Sharifai suka zama su ne jarin fim, ko da yake fuskar wasu ake gani suna motsa baki. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, da Tauraruwa da ta riga ta, cike suke da muhawara kan wannan al'amari. Marubuci, wanda shi ya buɗe ƙofar, ya koma mai cike gurbi tsakanin waƙa da waƙa. Makaɗin gargajiya kuwa ko gurbin bai samu ba.

Ba mu ce waƙoƙin ba su da daɗi ba, kuma ba ma cikin masu cewa duk abin da aka yi da fiyano shirme ne. Wasu daga cikinsu an tsara baitocinsu da gwaninta, sun kuma samar wa dubban matasa abin yi a lokacin da injunan Sharaɗa ke yin tsatsa. Asarar da muke magana a kai daban ce. An sami waƙar fim, amma ba a sami kiɗan fim ba. Da zarar an gama rawa an dawo kan labari, sai ka ji an saka duk abin da ya zo hannu, wani lokaci ma kiɗan da aka kwafo daga fim ɗin Indiya ko na Amurka, uwa na kuka a Fagge ana busa mata abin da aka yi don wata a Bombay.

Hanyoyin da wasu suka bi

Abin mamaki shi ne, ita kanta Indiyar da muka kwaikwaya tana da wata hanyar, sai dai Kwarori ba su kawo mana ita ba. A 1955 Satyajit Ray, mutumin Kalkata, ya fitar da fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, labarin wani gidan talakawa a ƙauyen Bengal. Ya nemi makaɗin nan Ravi Shankar ya yi masa kiɗa. Shankar na cikin yawon wasanni, bai ma ga fim ɗin duka ba, ya zauna zama guda na kimanin awa 11 ya kaɗa abin da ya ji a ransa, Ray kuma ya ɗauka ya rarraba a inda ya dace. Akwai wurin da uban gidan ya dawo daga doguwar tafiya, yana fito da tsaraba, har ya miƙo zanen da ya sayo wa 'yarsa, bai san ta rasu ba. Uwar ta fashe da kuka. A nan Ray ya ɗauke muryarta gaba ɗaya, muna ganin bakinta a buɗe, amma abin da muke ji wani abin kiɗa ne mai tsirkiya da ake gogawa, ɗan'uwan gogenmu, yana ƙara da siririyar murya. Fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 1956. Duk wanda ya taɓa jin kukuma a hannun gwani ya san muna da abin da zai yi wannan aiki.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin farautar dorina da Sarkawan kogin Kwara suke yi a ƙasar Nijar, a farkon shekarun 1950. Da ya je haɗawa sai ya sa kiɗan mafarauta a wurin da ake bin dorinar, don ya ƙara wa abin armashi. A 1954 ya koma garin Ayorou ya nuna wa masu farautar. Suka ce masa wannan kiɗa kuskure ne, domin a shiru ake farautar dorina, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Rouch ya cire kiɗan. Masunta da ba su taɓa shiga sinima ba sun koya wa mai fim cewa shiru ma wani ɓangare ne na abin da kunne ke ji, darasin da finafinanmu na bayan Sangaya, waɗanda ba sa barin daƙiƙa guda ba ƙara, ba su ɗauka ba.

A Nijar ɗin dai, Mamman Sani ya riga makaɗan Kano taɓa irin wannan na'ura. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai, inda ya kaɗa karin gargajiya na Sahel da fiyanon lantarki, ba waƙa, kiɗa zalla, rediyo da talabijin na ƙasar kuma suka daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013. A shekarar ce kuma ya fitar da faifan Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da ya tattaro a Kano. Shi ne daga baya ya haɗa kai da makaɗin jita Mdou Moctar suka yi fim a Agadas cikin harshen Buzaye a 2015, sannan ya yi Zerzura a 2017 tare da Ahmoudou Madassane, inda jitar ke bin matafiyi cikin hamada tana faɗin abin da bakinsa bai faɗa ba. Kuɗin da aka kashe a waɗannan finafinai bai fi ƙarfin masu fim na Kano ba. Bambancin shi ne an zauna da makaɗin tun farko a matsayin abokin ƙirƙira.

Hukuma, kwamfuta da zamanin shiri mai dogon zango

Rawa da waƙa su ne kuma suka jawo wa harkar fushin malamai da hukuma. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka kuma sa dokoki kan cuɗanyar maza da mata a wajen rawa. An sake dakatarwa a 2007. Shi kansa Iyan-Tama an ɗaure shi a ƙarshen 2008 a kan shari'ar da ta shafi fim ɗinsa Tsintsiya. A duk wannan taƙaddama, abin da ake jayayya a kai shi ne jikin 'yan rawa da suturarsu. Ba mu ji wanda ya tsaya ya tambayi ko kiɗan yana yi wa labarin aiki ba.

A cikin shekarun 2000 kwamfuta ta karɓi aikin daga hannun Yamaha, manhajoji irin su FruityLoops da Cubase suka shigo, tare da na'urar gyaran murya da ke sa kowa ya yi zaƙi iri ɗaya. Aka sa wa salon suna nanaye. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic suka yi suna har suka fi finafinan da suke yi wa waƙa, Aminu Ladan Abubakar Ala kuwa, wanda marubucin littattafai ne kafin ya zama mawaƙi, ya ja salon zuwa wajen waƙar Hausa ta ilimi mai amsa-amo da ma'auni. A ƙarshe waƙar ta balle ta zama sana'a mai cin gashin kanta, ba ta bukatar fim.

Da kasuwar faifai ta mutu, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da kuma YouTube suka kawo zamanin shiri mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira. A nan labari ya dawo gaba, marubuci ya sake samun kujerarsa, rawa ta ja baya ƙwarai. Gurbin da aka bari tun 1996 ya sake buɗewa, domin shiri mai kashi 50 ko 100 yana bukatar kiɗan da zai riƙa bin 'yan wasansa, wanda mai kallo zai ji ya san wane ne ke tafe. Take ke nan. Sai dai sau da yawa abin da ake cike gurbin da shi kiɗa ne da aka sauko da shi kyauta daga intanet, wanda mai shirya fim a Legas ko Nairobi ma shi yake sawa, alhali masu sarewa da kukuma da garaya suna nan da ransu a garuruwa da ƙauyukan Kano.

Su kuwa finafinan gwajin farko, a kaset ɗin bidiyo aka fitar da su, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da damina. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru aka yi ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara hoton da sautin, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Shi a kan fim irin na sinima aka ɗauke shi, shi ya sa ya kai shekara 40 yana jira.